Uwar Adashe a Gaban Majistare: Nazarin Lamarin Wata Mai Ƙuli-ƙuli a Gombe

Asalin lamarin: 2017 zuwa ƙarshen 2022

Matar da wannan nazari ya shafa tana zaune ne a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin garin Gombe, kuma shekarunta 41 a lokacin da lamarin ya soma. An aurar da ita tana da shekara 16, bayan ta tsaya a aji biyar na firamare, saboda haka tana iya karanta lamba da rubuta suna, amma ba ta taɓa riƙe littafin lissafi ba. Mijinta direban motar haya ne a hanyar Gombe zuwa Yola. Ya rasu a 2019 bayan jinyar wata bakwai, wadda ta cinye motar da ɗan abin da ya tara, ya bar ta da 'ya'ya shida da ɗaki biyu a gidan gado da ba a raba ba. Da ta fita takaba ba ta sake aure ba, domin duk wanda ya fito ita kaɗai yake so, ban da yaran.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Takan sayi gyaɗa a kasuwar Tudun Hatsi, ta soya, ta murje, yara su kai inji a markaɗo, sannan ta matse mai, ta murza tunkuza ta soya. Masu shago da masu tsire su ne manyan masu sayen kayanta, kuma a 2022 ribarta ta mako takan kai kimanin naira 9,000 bayan an cire kuɗin gyaɗa da itace da markaɗe. Daga wannan kuɗi ake cefane, daga shi ake biyan makaranta da magani.

A 2017 matan layinsu su goma suka naɗa ta uwar adashe a kan zubin naira 500, saboda ba a taɓa jin ta da rigimar kuɗi ba, kuma kullum tana gida a bakin murhu. Adda suke kiranta, manya da yara. Kafin ƙarshen 2022 abin ya bunƙasa ya rabu kashi uku. Akwai adashen mako mai hannu 20, kowane hannu yana zuba naira 5,000, ana kwasar naira 100,000 duk ranar Lahadi, kuma kwasar farko tata ce kamar yadda aka saba. Akwai ajiyar kullum, inda masu ƙananan sana'o'i ke kawo naira 200 zuwa 500, su karɓi abinsu a ƙarshen wata, ita kuma ta cire zubin rana ɗaya ladanta. Na uku shi ne adashen azumi, wanda ake fara zubawa bayan ƙaramar Salla, a raba ana gab da kama azumi na gaba domin sayen gero da sukari da kayan Sallar yara. Kuɗin wannan na ukun yakan kwana a hannunta kusan wata goma sha ɗaya, don haka takan kai shi duk wata wurin wani ɗan kasuwar hatsi, abokin marigayi mijinta, ya ajiye mata.

Babu littafi a duk wannan tsari. Ita tana riƙe lissafi a ka, wasu masu zubin kuma suna ja layi da gawayi a bangon ɗakinsu. Alƙaluman da ke cikin wannan nazari an haɗa su ne daga baya, a zaman tantancewar da aka yi a Yunin 2024.

Giɓi na farko: Janairu zuwa Mayu 2023

Zagayen adashen mako ya fara a farkon Janairun 2023, daidai lokacin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa ba su wadata ba. Cinikin ƙosai da awara da ɗanwake, wanda duk na tsabar kuɗi ne, ya yi sanyi ƙwarai na makonni. Masu zubi da dama suka koma turo kuɗi ta waya, kuma da yake uwar adashen ba ta da asusun banki, sai aka riƙa turawa asusun wani mai POS na bakin layi, shi kuma ya cire ladansa kafin ya ba ta tsaba. Tun daga nan kuɗin kashi ukun da kuɗin ƙuli suka cakuɗe a wuri ɗaya.

A cikin wannan hali ne mata biyu da suka riga suka kwasa suka daina zubi. Ta farko ta kwasa a mako na 3, ta zuba har mako na 6, sai aurenta ya mutu ta koma garinsu da bashin naira 70,000. Ta biyu ta kwasa a mako na 5, ta tsaya bayan mako na 10 saboda jarinta ya karye, saura naira 50,000 a kanta. Adashen unguwa ba shi da tanadin irin wannan rana, illa a ce uwar adashe ce ta shigo da su, ita ta san yadda za ta yi. Ta cike giɓin naira 120,000 ɗin mako bayan mako, naira 80,000 daga ajiyar kullum, naira 40,000 daga jarinta, tana biyan masu ajiyar wata da zubin farkon wata mai kamawa. Kowa ya kwashi kuɗinsa cif, zagayen ya ƙare a Mayu, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Da aka tambaye ta dalili daga baya, ta ce ta ji tsoron idan aka ji adashenta ya yi rami kowa zai janye a rana ɗaya, kuma ta ɗauka ribar wata uku za ta rufe shi.

Rancen banki: Yuni zuwa Satumba 2023

Ribar ba ta zo ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, ya sanar da cire tallafin man fetur, farashin lita na hukuma ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, a Yuli kuma ya haura 600. Mai injin markaɗe ya ƙara kuɗi, mai keke napep ya ƙara, itace da gyaɗa suka bi sahu, amma ƙullin ƙuli-ƙuli na naira 50 ba ya karɓar ƙari, sai dai a rage masa girma. Ribarta ta sauko zuwa kimanin naira 4,000 a mako. A Yuli autanta ya kwanta asibiti, ta je wurin ɗan kasuwar nan ta karɓi naira 65,000 daga kuɗin azumi, da niyyar mayarwa. Wannan shi ne karon farko da ta taɓa wannan ajiya.

A Agusta ta shiga rukunin mata masu karɓar rance daga wani ƙaramin banki, ta karɓi naira 150,000 a kan za ta riƙa biyan naira 7,500 duk mako har mako 24, jimla naira 180,000. Ta mayar da naira 80,000 cikin ajiyar kullum, ta sa naira 70,000 a gyaɗa. A zahiri ramin farko ya rufe. Sai dai biyan mako ya kusa ninka ribarta ta mako, kuma a irin wannan rance ba a ɗaga ƙafa, domin idan mace ɗaya ta gaza sauran 'yan rukuni ne za su biya mata, su kuwa maƙwabtanta ne, wasunsu ma masu zubi a wurinta.

Bikin 'ya da hannayen bogi: Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024

An sa ranar auren babbar 'yarta a Disamba. Al'ada ta ɗora wa gidan amarya kayan ɗaki da gara, kuma inda uba ya rasu nauyin kan faɗo kan uwa ne kai tsaye. Gado da katifa da kujeru da sif da labule da kwanuka da kuloli, haɗe da gara da abincin biki, sun tashi naira 620,000. Gudummawar dangi da ƙawaye ta kawo naira 190,000, sadaki naira 80,000, kwasarta ta farkon zagayen Oktoba naira 100,000. Saura naira 250,000. Yayarta ta ba ta shawarar a bar kujeru da sif sai bayan biki, ta ƙi, ta ce ba za a kai marainiya ɗaki fayau ba dangin miji su sami abin gori, ga shi kuma duk unguwa ta san dubban kuɗi na ratsa hannunta kowane mako.

Abin da ta yi shi ne ya sauya yanayin lamarin gaba ɗaya. Da za a fara zagayen Oktoba, mata biyu sun fita, sai ta sanar cewa ta sami wasu mata biyu daga wata unguwa, matan kulle ne, ita za ta riƙa karɓo zubinsu. Waɗannan mata babu su. Ta sa su a mako na 2 da na 4, ta kwashi naira 200,000 da sunansu. Ragowar naira 50,000 kuma ta sake karɓowa wurin ɗan kasuwar, wanda a wannan karon ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya. Kunyar wannan tambaya ce ta hana ta komawa karo na uku, kuma ita ce dalilin da ya sa aka sami wani abu ya rage.

Daga Oktoba zuwa Janairu, abin da ke kanta duk mako ya zama naira 22,500: hannunta naira 5,000, hannayen bogi naira 10,000, banki naira 7,500. Adashen azumi na da mata 34, kowace tana kawo naira 500, wato naira 17,000 a mako. Ta daina kai wannan kuɗi ajiya, ta riƙa juya shi cikin waɗancan biye-biye tun kafin ya kwana, kuma a mako 20 ya kai naira 340,000. Da hakan bai isa ba ta koma kan ajiyar kullum. An yi biki lafiya, an yaba kayan ɗaki, ta gama biyan banki a ƙarshen Janairu ba tare da ta tsallake mako ko ɗaya ba. Amma mata biyu na ƙarshe a adashen mako rabin kwasarsu kawai suka samu a Fabrairu, ta ce musu matan kullen nan ne suka yi jinkiri.

Tonuwar asiri da sulhun da bai yi ba: Maris 2024

An kama azumi ranar 11 ga Maris 2024. Mako guda kafin nan masu adashen azumi suka fara sallama. Kowace tana bin naira 22,000, zubin mako 44, jimla naira 748,000, abin da ke wurin ɗan kasuwa kuwa naira 293,000 ne. Maimakon ta tara su ta faɗi gaskiya a raba abin da ke akwai daidai wa daida, sai ta biya mata 13 cikakken kuɗinsu, waɗanda ta fi jin tsoron bakinsu, ta ba wata tsohuwa naira 7,000, sauran 20 kuma ta ce su dawo jibi. Waɗanda aka biya suka faɗa wa waɗanda ba a biya ba, kafin azahar ƙofar gidan ta cika.

Mai unguwa, wanda a nan aka fi kira jauro, ya kira zama a zaurensa tare da limamin masallacin layin. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin mutane yana wuyana, a ba ni wata ɗaya." Ba a tambaye ta nawa ne ba, ba a tambaye ta ina za ta samo ba, kuma ba ta ambaci hannayen bogi ba. An rubuta takarda mai layi huɗu cewa za ta biya kowa kafin Salla, ƙanenta ya sa hannu shaida. Abin da ta dogara da shi shi ne sayar da rabonta na gado, alhali gidan ba a raba ba, kuma ƙannen mijinta ba su halarci zaman ba. A cikin watan ta kashe naira 15,000 wurin wani mai ba da taimako, wanda ya yi mata alkawarin rufe bakin masu bin ta bashi. Da aka yi Salla ranar 10 ga Afrilu ba ta biya kowa ba, sai ta tafi wurin wata 'yar uwarta a Kumo ta kwana biyar ba sallama. A idon masu bashi wannan gudu ne.

Ofishin 'yan sanda, kotu da kwana 49 a tsare: Afrilu zuwa Yuni 2024

Mijin ɗaya daga cikin matan ne ya kai ƙara. Masu ƙara sun nemi a kama babban ɗanta mai shekara 19 har sai ta fito, jami'in da ke bincike ya ƙi, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Dokar ta kuma hana kama mutum a kan bashi zalla, kuma da a ce rancen kuɗi ta yi ta kasa biya, da maganar ba ta 'yan sanda ba ce. Amma kuɗin da aka damƙa wa mutum amana ya juya shi zuwa buƙatarsa, hukuncinsa daban. Dokar Penal Code, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ta bayyana cin amana a sashe na 311, sashe na 312 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai, ko tara, ko duka biyun. Da bincike ya nuna babu matan kullen nan, sai aka ƙara tuhumar zamba, wadda ke sashe na 320 da 322.

Ta dawo da kanta ranar 16 ga Afrilu, aka gurfanar da ita a kotun majistare ranar 18. Ta musa laifin, bisa shawarar wani ɗan uwa da ya ce mata wanda ya amsa ya gama yawo. Alƙali ya ba da belinta a kan naira 300,000 da masu tsayawa biyu, ɗaya ya kasance mai gida a yankin kotun. Ƙanenta ɗan haya ne, ƙannen mijinta sun ce ta zubar musu da mutunci, ɗan kasuwar kuma ya ce ya isa haka. Aka wuce da ita gidan gyaran hali, sunan da gidajen yari suka koma ɗauka tun dokar 2019. Mata kimanin biyu ne cikin ɗari na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya, kuma wajen kashi biyu cikin uku na dukkan tsararrun jiran shari'a suke yi. Ita ma jira ta yi, aka ɗage zama sau biyu.

A cikin makonni bakwai ɗin nan murhu ya mutu, masu tsire suka koma wurin wata. 'Yarta mai shekara 14 ta bar makaranta ta ɗauki tallar gyaɗa domin a ci abinci, ɗanta mai shekara 16 kuma aka fara ganinsa da daddare a majalisar wasu samari, abin da ke tayar da hankalin kowace uwa a garin da ya san 'yan Kalare, wato gungun matasa 'yan daba na Gombe. Masu bashi ba su karɓi ko naira ɗaya ba.

Beli, tantancewa da sulhu na biyu: Yuni da Yuli 2024

Wata lauya mai aikin agaji kyauta ta gamu da ita a wata ziyara da suka kai ɓangaren mata. Abu na farko da ta gano shi ne, akwai mai gida da ke shirye ta tsaya mata tun ranar farko, wato wata malamar firamare mai ritaya da ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwar, amma kowa ya gaya mata mace ba ta tsayawa beli. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, kuma ba ta da tushe a doka: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kasancewarsa mace, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana nuna bambancin jinsi. Malamar da ƙanen matar suka tsaya, ta fito ranar 6 ga Yuni.

Sharaɗin lauyar kafin ta nemi sulhu shi ne a fara sanin nawa ne kuɗin. Aka yi zama uku a zauren mai unguwa, malamar tana rubutu, kowace mai bashi tana faɗin nata a gaban sauran, ana gwadawa da bayanan asusun mai POS da layukan gawayi da shaidar maƙwabta. Abin da aka fara iƙirari ya kai naira 910,000. Bayan tantancewa ya tsaya a naira 640,000 na mata 30: naira 455,000 na azumi, naira 100,000 na mako, naira 85,000 na ajiyar kullum. Bambancin ba duka ƙarya ba ne, domin wasu sun haɗa da zubin shekarar da ta wuce wanda sun riga sun karɓa. A zama na biyu ta amsa da bakinta cewa matan kullen nan ƙirƙira ce, ta kuma faɗi sunayen mata biyun da suka gudu da zubi a 2023, waɗanda sai a ranar masu adashen suka ji labarinsu.

Daga nan aka nemi abin da za a iya tarawa nan take. Ƙannen mijinta, waɗanda ganin takardar kotu ya sa suka halarta, suka yarda malamin rabon gado ya ƙiyasta ɗakuna biyun, ya sa musu naira 1,200,000. Tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon mijinta, ya kama naira 150,000, ƙanen mijin da yaran ke kira Bappa ya saya, da sharaɗin ta ci gaba da zama da marayu a ciki. Amarya da mijinta suka sayar da kujeru da sif a kan naira 140,000, ƙasa da yadda aka saye su wata bakwai da suka wuce. Matar da jarinta ya karye, wadda ba ta bar gari ba, ta kawo naira 50,000 ɗinta da taimakon mijinta. Wani attajirin unguwar ya ba da naira 60,000 daga zakkarsa, bayan an ɗan yi ja-in-ja, domin waɗanda ake bi bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, amma malamai sun sharɗanta cewa wanda ya ci bashi ta hanyar ɓarna sai ya tuba, kuma liman ya ce amsa laifi a gaban jama'a ya wadatar. Jimla naira 400,000, aka raba wa kowa gwargwadon abin da yake bi.

Ragowar naira 240,000 aka tsara a kan naira 6,000 duk Juma'a har mako 40. Wannan adadi an fitar da shi ne daga abin da gidan ke samu, ba daga abin da masu bashi ke so ba: naira 4,000 daga aikinta, naira 2,000 daga babban ɗanta da ke tuƙa keke napep na wani. Da yake jarinta ya ƙare, ɗan kasuwar ya yarda ya riƙa ba ta gyaɗa ta sarrafa masa a kan lada, ya kuma riƙa cire naira 4,000 ɗin ya miƙa wa malamar kai tsaye. An rubuta cewa tana iya tsallake har mako shida idan ta sanar tun kafin ranar, kuma za a fara kammala biyan zawarawa da tsofaffi. A Yuli aka gabatar wa kotu yarjejeniyar, alƙali ya karɓa, ya riƙa ɗage zama wata biyu-biyu domin a kawo masa littafin biya.

Biya: Agusta 2024 zuwa Yuni 2025

An fara biya a Agusta. Ta tsallake mako biyar tsakanin Satumba da farkon Oktoba, lokacin da fetur ya sake tashi kuma tsohuwar gyaɗa ta yi wuya kafin sabuwa ta shigo, kowane karo da sanarwa, kuma babu wadda ta koma kotu a kan haka. Mata huɗu suka yafe ragowar nasu, naira 36,000. An kai naira ta ƙarshe a farkon Mayun 2025, a Yuni masu ƙara suka janye, kotu ta sallame ta.

Ɗanta mai shekara 16 Bappa ya kai shi koyon walda. 'Yar da ta ɗauki talla ba ta koma makaranta ba. Amaryar ta sha gorin da aka ci amanar mutane domin a kare ta daga shi, har ma da ƙari. Masu bashi kuma sun karɓi adadin kuɗinsu, ba darajarsa ba, domin a Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi sama da kashi 34 cikin ɗari, ta abinci sama da kashi 40, kuma azumin da suka yi wa tanadi ya riga ya wuce musu hannu wofi.

Hukuncin mai nazari

A ganina ba daidai ba ne a ce talauci ne ya ci kuɗin nan, a tsaya a nan. Matan da suka zuba naira 500 duk mako sun fi ta talauci, da yawansu zawarawa ne kamar ta, kuma ba su taɓa kuɗin kowa ba. Ƙirƙirar mata biyu da sa su a farkon layi aiki ne na shiri, kuma mafi yawan abin da ya fito daga ciki kayan ɗaki aka saya da shi, ba hatsi ba. Biyan masu baki da barin marasa baki a Maris shi ma zaɓi ne.

Sai dai kafin ta kai ga wannan, wata tara ta yi tana ɗauke da asarar da ba ita ta jawo ba, a tsarin da ke ba uwar adashe ladan rana ɗaya ya ɗora mata asarar kowa. Canjin kuɗi ya cakuɗa mata asusu, cire tallafi ya rage ribarta fiye da rabi, rance ya sa mata biyan da ya fi ƙarfin sana'arta, gadon da zai zame mata madogara ya yi shekara biyar ba a raba ba. Abin da ya haɗa waɗannan duka ya mai da su laifi shi ne kuɗin mutane da ke kwana a hannu ɗaya wata goma sha ɗaya ba mai dubawa, da kuma tsoron a ji. Da ta faɗi maganar naira 120,000 a Mayun 2023, hannu 18 ɗin da suka rage kowane bai kai naira 7,000 zai ɗauka ba.

Sulhun farko ya rushe ne domin an yi shi a kan adadin da ba a sani ba da dukiyar da ba ta hannu. Tsarewa ba ta dawo da ko sisi ba, ta kuma kashe sana'ar da za a biya da ita, amma ba zan ce kotu ba ta yi amfani ba, domin ba don tuhumar da ke rataye ba da ƙannen miji ba su zauna ba, da wuya kuma a kai mako na ƙarshe ana biya. Abin da ya yi aiki shi ne lissafin da aka yi a bainar jama'a, da biyan da aka auna da samun gida, da cire hannunta daga kuɗin.

Adashen layin ya tsaya fiye da shekara guda. An sake kafa shi bayan ƙaramar Sallar 2025 da hannu 12, mata biyu ke riƙe littafi, duk mai kwasa kafin rabin zagaye sai ta kawo mai tsaya mata, adashen azumi kuma an daina shi. Ita tana ciki da hannu ɗaya, an sa ta a ƙarshen layi. Naira 70,000 na matar da ta koma garinsu har yanzu ba a karɓo ba.